A yanke notin, a ceci kan injin

Wanda ya taɓa ganin tsohon babur ɗin BMW mai silinda biyu, irin waɗanda iska ke sanyaya injinsu, waɗanda kamfanin ya ƙera a Jamus daga 1969 zuwa tsakiyar shekarun 1990, zai lura da wani ƙaton noti mai fikafikai a inda bututun salansa ya haɗu da kan inji. Notin yana ɗaure ne kai tsaye a kan zaren da aka sassaƙa a jikin kan injin, kuma duka biyun na alminiyum ne. Idan suka shekara goma suna shan zafi da ruwan sama ba a taɓa kwance su ba, sai su manne. Mai sufana ya matsa, notin ya ɗan motsa, ya cije. Wanda ya ƙara ƙarfi a wannan gaɓar zai fito da notin, amma tare da zaren kan injin a cikinsa.

Shi ya sa ƙwararrun masu gyaran waɗannan babura suka tsaya a kan ƙa'ida guda: da zarar noti ya cije, a ajiye sufana, a ɗauki zarto a tsaga shi a hankali. Notin ana sayar da sabo. Kan injin kuwa sai dai a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe, ya cika wurin da walda ya sake yanka zare, ko ya share tsohon ya dasa sabon zobe. Aiki ne mai tsada da cin lokaci.

Wannan ƙa'ida ce ya kamata bakanikanmu su ɗauka, ko da yake baburan da ke hannunsu, su Jincheng da Bajaj da tsofaffin Honda, ƙusoshin ƙarfe biyu ne ke riƙe salansarsu. Ciwon ɗaya ne. Alminiyum yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka kowace tafiya tana ja tana saki a kan zaren mai taushi, ga tsatsa tana ci a tsakani. Idan zaren ya zame, abin da aka saba yi shi ne a tura ƙusa mafi kauri da ƙarfin tsiya. Babur zai tashi, mai shi ya biya kaɗan ya tafi. Sai dai naman da ke kewaye da ramin ya ragu, sau da yawa ƙusar ta shiga a karkace, gaskit ba ya zama daidai, hayaƙi mai zafi ya riƙa tsiyaya ta gefe. Ranar da ramin ya sake zamewa, babu sauran wurin faɗaɗawa.

Gyaran gaskiya ba boyayye ba ne. A huda ramin a miƙe, a yanka sabon zare, a murɗa wata 'yar waya mai kama da sifirin, wadda aka fi sani da Helicoil, ko zoben ƙarfe irin na Time-Sert, ƙusa mai girman asali ta koma mazauninta. A shafa man hana kamewa mai garin nikel ko jan ƙarfe kafin ɗaurewa.

Za a ce ɗan acaɓa ba ya da kuɗin wannan, kuma yinin da babur ya kwana a gareji yinin asara ne. Hujja ce mai nauyi. Amma a sa kuɗin waya ɗaya da aikin sa'a guda a gefe, a sa kuɗin sabon kan inji a ɗaya gefen, a bar mai babur ya zaɓa da kansa. Yawanci ba a ma gaya masa akwai zaɓin.