Sauya Manhaja Ba Sauya Riga Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ni dai na gaji da ganin an bar jaki ana dukan taiki. Kullum sai a zauna a ofis a tsara sabuwar manhaja, a aiko da takarda makarantu, in abu ya ƙi a ce laifin yara ne ko na harshensu.

A 1982 aka shigo da tsarin 6-3-3-4, aka sayo injunan koyon sana'a daga ƙasashen waje. Da yawansu sun yi tsatsa cikin akwatuna, don ba wutar lantarki, ba malamin da ya iya sarrafa su. A 2022 gwamnati ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 ta soke, wai yara na faɗuwa jarrabawa. To, ina littattafan lissafi da kimiyya da aka raba musu da Hausa? Malamai nawa aka horar? Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku dubi aikin Farfesa Fafunwa a Ife daga 1970. An horar da malamai, an rubuta littattafai da Yarabanci, yaran kuwa suka yi fice, har a Turancin ma.

Saboda haka a fara da malami da littafi, a gwada a makarantu kaɗan, sannan a baza. Mu kuma 'yan Sashen Hausa, rubuta littattafan nan aikinmu ne. In mun ƙi, wa zai yi?