Ra'ayinmu: Dokar kyamara a wuraren wasa ta tsaya a rabin hanya

Duk wanda ya taɓa fita yawon Sallah da iyali ya san yadda abin yake. Tun hantsi motoci sun cika da yara daga Nima da Mamobi, ko daga Aboabo idan a Kumasi ne, kowa da sabon ɗinki, an nufi bakin teku ko wurin wasa. Kafin a gama yankar tikiti wayoyi sun fito. Uwa tana ɗaukar ɗanta a kan lilo, samari suna watsa kansu kai tsaye a TikTok, wani kuma ya ɗaga waya sama yana juyawa da ita yana kwashe duk wanda idon kyamara ya hau kansa. Idan ma'aikaci ya ce a ajiye waya kafin a hau abin hawa, sai cacar baki ta tashi: da kuɗina na shigo, wayata ce, ina ruwanka?

To, a ganinmu ma'aikacin ne ke da gaskiya, kuma ya kamata mutanenmu su daina wannan musu. Sai dai dokar da yake karewa rabi ce. Tana kare kan mutum daga wayar da za ta faɗo masa, amma ba ta kare shi daga wayar da ke ɗaukarsa ba tare da saninsa ba.

Bari mu fara da rabin da aka riga aka rubuta, domin ba haka kawai aka ƙirƙiro shi ba. Manyan wuraren wasa na Amurka, waɗanda sauran duniya ke kwaikwayon tsarinsu, sun sha wuya kafin su kai ga wannan doka. A birnin Orlando na jihar Florida, kamfanin Universal ya buɗe wani jirgin hawa-da-gangara a 1999 mai suna Dueling Dragons. Jirage biyu ne a kan dogo biyu, ana sakinsu lokaci ɗaya, su yi kamar za su yi karo, su wuce juna da tazarar da ba ta kai rabin mita ba. Wannan kusancin shi ne daɗin abin, shi mutane ke bin layi domin su gani. A 2011 wani abu da ya fizgo a iska ya bugi wani fasinja a fuska har ya rasa ido ɗaya, kuma a cikin 'yan makonni aka sake samun wanda ya ji rauni. Daga nan kamfanin ya daina sakin jiragen tare har zuwa lokacin da aka rufe abin a 2017. A 2015 kuma ya kafa na'urar gano ƙarfe a bakin manyan jiragensa, irin wadda ake bi ta cikinta a filin jirgin sama. Waya, makulli, sulalla, duk sai ka zuba su a akwatin ajiya kafin ka shiga layi.

A wannan shekarar ce Disney ma ta yanke nata hukuncin. Da farko ta kafa alluna a bakin wasu abubuwan hawa tana roƙon a ajiye sandar ɗaukar hoton kai, wannan doguwar sandar da ake maƙala waya a bakinta. Mutane suka ƙi ji. A watan Yuni wani ya zaro tasa a kan jirgin California Screamin', dole aka tsayar da jirgin da mutane a ciki suna jira a sama. Kwanaki kaɗan bayan haka aka hana shiga da sandar kwata-kwata: daga 30 ga Yuni 2015 a Florida da Kalifoniya, daga 1 ga Yuli a Paris da Hong Kong. A ƙofa ake tare ta. Wanda ya zo da ita ya koma ya ajiye a mota ko ya bar ta wurin masu gadi.

Mai wannan rubutu malamin makaranta ne, saboda haka a yi haƙuri da ɗan lissafi. Waya ta zamani tana da nauyin kusan giram 200. Manyan jiragen nan suna wuce gudun kilomita 100 a awa, wato kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wayar da ta suɓuce a wannan gudu ta bugi mutumin da ke tsaye a ƙasa, daidai take da wadda aka sako masa daga tsayin mita 40. Wa zai yarda ya tsaya a gindin bene mai hawa goma sha biyu a jefo masa waya a ka? Za a ce ai namu abubuwan hawa ba su kai nan ba. Gaskiya ne. Amma lilo mai juyawa da ke ɗaga yara sama, da gadar igiya irin ta dajin Kakum wadda ke rataye mita 30 zuwa 40 daga ƙasa, duk suna bukatar hannu biyu. Yaron da hannunsa ɗaya ke riƙe da waya, da hannu ɗaya yake riƙe da ransa.

Akwai masu cewa wayo ne kawai, ana hana ka ɗauka ne domin a sayar maka da hoton da kyamarar kamfani ta ɗauka. Wannan zargi ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Disney tana da tsarinta na sayar da hotuna, PhotoPass, kuma kuɗi ne mai yawa. Amma riba da ake ci a gefe ba ta mayar da wayar da ke tashi a iska ta zama auduga ba. Abin da ya dace a matsa wa masu wurin a kai shi ne wurin ajiya. Universal tana ba da ƙaramin akwati kyauta na tsawon lokacin da mutum yake layi da hawa. Wanda ya ce ka ajiye wayarka amma bai tanadi inda za ka ajiye ba, sai dai ka miƙa wa wani yaro a bakin layi ka yi ta addu'a, shi ya koya wa mutane ɓoye ta a aljihu.

Yanzu ga rabin da ba a rubuta ba, kuma shi ya fi damunmu a nan gida.

A zangon karatu da ya wuce, mai wannan rubutu da abokan aikinsa sun kai ɗalibai yawon buɗe ido wani wurin shaƙatawa mai wurin ninƙaya. An sha fama kafin iyayen 'yan mata su sa hannu a takardar izini. Wani uba sai da aka je gidansa sau biyu, ya ce: “Malam, amana na ba ka, ba don makaranta ba, don kai.” A wurin, 'yan mata suka shiga ruwa da dogayen riguna da wanduna, suna ta murna, kallabi na zamewa ana gyarawa. Can gefe wani saurayi, wanda ba ya cikinmu, ya jingina da ƙarfe yana riƙe da waya a saitinsu. Da aka yi masa magana ya ce shi ruwa yake ɗauka. Aka kira mai gadi, mai gadi ya ɗaga kafaɗa ya ce babu dokar da ta hana. Wallahi bai yi ƙarya ba: allon ƙofa ya hana shiga da abinci daga waje, ya hana kwalba, ya hana tsalle a gefen da ba zurfi, amma ko kalma ɗaya babu game da kyamara. Bayan kwana uku wani guntun bidiyo ya fara yawo a WhatsApp na unguwa, an ɗora masa waƙa. Babu tsiraici a ciki. Yara ne a jiƙe suna dariya. Amma uban nan ya gani, kuma 'yarsa ba za ta sake bin makaranta ko'ina ba. Sauran iyaye ma sun ji.

Wannan ita ce asarar da ba a ƙirgawa. A unguwanninmu an daɗe ana lallashin iyaye su bar 'ya'ya mata su fita su ga duniya kamar takwarorinsu, su ga daji, su ga teku, su hau abin da suke gani a talabijin. Bidiyo ɗaya na daƙiƙa ashirin ya isa ya rushe aikin shekara biyar. Matan aure ma haka. Da yawa sun gwammace su zauna a kan benci su riƙe jakunkuna, ba don ba sa sha'awar hawa ba, sai don sun san iska za ta ɗaga mayafi kuma akwai wayoyi goma a ƙasa suna jira.

Ba wai ƙasar ba ta da doka ba ne. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya kare sirrin mutum. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2012, wadda ta kafa hukumar da ke lura da yadda ake tattara bayanan mutane da sarrafa su, kuma hoton da za a gane mutum da shi yana cikin bayanansa. Dokar tsaron intanet ta 2020 ta tanadi hukunci mai tsanani kan hotunan batsa na yara da yaɗa hotunan tsiraicin mutum ba da yardarsa ba. Duk suna da amfani, amma a kotu da ofis suke aiki, bayan ɓarna ta auku. Bidiyon da muke magana a kai bai ma kai matsayin da ɗan sanda zai buɗe fayil ba. A bakin ruwa, a daidai lokacin, mutum ɗaya ne zai iya cewa “sauke wayar nan ko ka fita”, shi ne mai wurin. Wurin nasa ne, tikitin da ya sayar yarjejeniya ce, yana da ikon gindaya sharaɗi. Ikon da ya hana ka shiga da tuwonka daga gida, shi ne zai hana baƙo ɗaukar 'yarka.

Abin da muke nema bai kai kuɗin fentin ƙofa ba. A rubuta a allo, da Turanci da harsunan da masu zuwa ke ji, da zane domin wanda bai yi boko ba, cewa ba a ɗaukar hoto a wurin ninƙaya da ɗakin sauya kaya, ba a ɗaukar yaron wani sai da yardar iyayensa, kuma wanda ya ƙi za a fitar da shi ba tare da mayar masa da kuɗi ba. A koya wa masu gadi cewa wannan aikinsu ne. Masu zuwa ɗaukar bidiyo domin su ci kuɗi da shi a YouTube su nemi izini a rubuce, kamar yadda Disney ta hana ɗaukar hoto na kasuwanci ba da izininta ba. Idan kamfani ya iya kare hoton gine-ginensa da zane-zanensa, bai kamata fuskar yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta kasa samun irin wannan gata ba. Su kansu masu wurin, da kyamarorin tsaro da suka rataya ko'ina, su sanar da jama'a cewa ana ɗauka, kada kuma a wayi gari a ga yaranmu a tallarsu ta Facebook ba a tambayi kowa ba.

Sannan mu dubi kanmu, don laifin ba na baƙi kaɗai ba ne. Saurayin nan da ke jingine da ƙarfe, ba mamaki ɗan unguwa ne, tunda a unguwa bidiyon ya ɓulla. Suratul Hujurat da muke karanta wa yara a makarantar dare ta hana bin diddigin sirrin mutane, kuma waya ba ta canza hukuncin ba. Mu malamai ma ba mu tsira ba. Sau nawa muke dawowa daga yawo mu zuba hotunan aji gaba ɗaya a shafinmu, da sunan makaranta a ƙirjin riga, ba mu tambayi uba ko uwa ɗaya ba? Takardar izinin da muke aikawa gida tana tambayar ko yaro zai je, da ko yana da ciwon da ya kamata a sani. Ya kamata a ƙara layi guda: ko an yarda a ɗauke shi, kuma ina hoton zai tafi.

Makarantu da ƙungiyoyin unguwa suna da ƙarfin da ba su cika amfani da shi ba. Bas biyu na ɗalibai a ranar Laraba, ranar da wurin ba kowa, ciniki ne da manaja ba zai so ya rasa ba. Kafin a biya kuɗin ajiye rana, shugaban makaranta ya tambaya: mene ne dokarku game da kyamara a bakin ruwa, kuma wa zai tsaya a kai? Makarantar da muka ambata ta yi wannan tambaya a wurare uku domin yawon zango mai zuwa. Biyu sun ce za su duba su kira. Na ukun ya ce zai ware wa ɗaliban awa biyu da safe kafin a buɗe wa jama'a, kuma can aka biya kuɗin.