SHEKARA 160 TA RUNDUNAR SOJA: DAGA INA AKA SOMA ƘIDAYA?

A watan Yulin 2023 rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya ta yi gagarumin bikin cika shekara 160 da kafuwa. An yi fareti, an yi jawabai, gidajen rediyo sun yi ta yayatawa. Abin da ya rage shi ne ɗan lissafin da ɗan aji uku na firamare zai iya yi. In aka ɗebe 160 daga 2023, saura 1863. To a 1863 ina wata aba mai suna Nijeriya? A wannan shekara Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ne a Sakkwato, Abdullahi Maje Karofi ne a Kano, alƙalai na hukunci da shari'a, manomin Dawakin Tofa da na Ɗambatta kuwa ba ruwansa da Sarauniyar Ingila. Ashe ke nan rundunar ta girmi ƙasar da aka ce don ita aka kafa ta da shekara 51. Wa take yi wa aiki a wancan lokaci?

Amsar tana cikin tarihin da ita kanta rundunar ke bayarwa. Wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna Glover shi ne ya tara mutum 18 'yan Arewa a Ikko a 1863, ya ba su bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Da yawa daga waɗanda suka shiga a shekarun farko bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa, ba su da gona, ba su da dangi a kusa. Bature ya ga dama ta faɗi. Da su ya tafi yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, da su ya karya Ijebu a 1892. A gefe guda kamfanin Royal Niger ya kafa nasa dakarun, waɗanda suka afka wa Bida da Ilori a 1897. A wannan shekara ce gwamnatin Ingila ta ba Lugga aikin kafa rundunar da tsofaffi ke kira Waf, aka yi ta zuba waɗancan ƙananan rundunoni a cikinta. A 1900 aka fid da rundunar Arewa daban, ta Kudu daban.

Nan ne wurin da masu jawabin biki ke tsallakewa da gudu. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya ya nufo Kano. Turawan da ke tare da shi ba su kai 50 ba, baƙaƙen soja kuwa sun haura 700, kuma da harshen Hausa ake ba su umarni. Su suka saita igwa a ƙofar Bebeji. Su suka shiga birnin Kano ranar 3 ga Fabrairu, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. A Kwatarkwashi suka buɗe wa mahayan Kano wuta, Waziri Ahmadu ya yi shahada. Ranar 15 ga Maris suka ci Sakkwato. Ranar 27 ga Yuli suka cim ma Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, a kan hanyarsa ta hijira, suka kashe shi tare da ɗaruruwan bayin Allah, malamai da talakawa. A 1906 suka shafe Satiru daga doron ƙasa, suka juya Haɗeja suka kashe Sarki Muhammadu. Duk waɗannan suna cikin shekara 160 ɗin da aka yi wa fareti. Ba a ɗebe ko guda ba.

Daga nan sai wasan canjin suna. A 1914, da aka haɗe Arewa da Kudu, aka haɗe rundunonin biyu suka zama rundunar Nijeriya. A 1928 aka ƙara wa Waf lakabin sarauta. A 1956 Sarauniya Elizabeth ta zo rangadi, aka ce rundunar ta zama ta Sarauniya ta kanta. A 1960 wani suna, a 1963 wani kuma. Amma har zuwa 1965, shekara biyar bayan abin da aka kira 'yancin kai, Bature ne, Janar Welby-Everard, ke riƙe da shugabancinta. Kowane sabon suna sai ya binne na bayansa, har ya zama yaro na jin kamar rundunar tare aka haife ta da tutar kore da fari.

Kada mai karatu ya zaci a kan Bahaushe aka soma gwada wannan dabara. Ingila ta koyo ta ne a gida, a kan mutanen tsaunukan Sikotlan da ke arewa da ita. A 1746 aka murƙushe su a filin Kuloden, aka karɓe makamansu, aka yi dokar da ta haramta musu sa tufafinsu na gargajiya. Mutum ɗaya dokar ta ƙyale: wanda ya shiga sojan Sarkin Ingila. Wato in kana son kayan kakanninka, to ka sa su a bakin aikin wanda ya ci ku da yaƙi. Daga baya masu filaye suka kori manoma daga gonakinsu suka zuba tumaki, samari suka rasa abin yi, barikin soja kuwa ƙofarsa a buɗe. Sai aka shiga yi musu kirari, wai su ne jaruman daula, irin kirarin da aka yi wa Bahaushe da mutanen Nefal daga baya. Abin mamaki, a yaƙin Asante na 1874 rundunar Sikotlan mai suna Black Watch ta shigo Kumasi ta hanya guda, Hausawan Glover suka biyo ta wata. Ɗan talakan tsauni da gudajjen bawa, suna yaƙar garin wanda bai tsare musu komai ba.

Su ma ba su tsira daga haɗe-haɗen ba. A 1881 aka yi wa rundunonin Birtaniya garambawul, aka riƙa haɗa biyu su zama ɗaya. A 2006 aka tattara rundunonin Sikotlan guda shida aka mai da su guda, har da Royal Scots wadda aka kafa tun 1633. Sai dai su da aka sanar da shirin a 2004 sun fito kan titin Edinbara sun yi zanga-zanga, tsofaffin soja da iyalansu, don kada a shafe sunan rundunar da kakanninsu suka mutu a cikinta. Ko a kan gaskiya suke ko a kan ɓata, sun san sunayen matattunsu, suna rubuce a jikin dutse a ƙauyukansu.

A ƙasar Kano fa? Lokacin yaƙin duniya na biyu ta hannun hakimai da dagatai aka riƙa neman samari, aka kwashe su zuwa Habasha, sannan zuwa dajin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, su yi yaƙi da Jafan a kan rigimar da ba su san farkonta ba. A wane ƙauye na Bichi ko Makoɗa ko Minjibir aka rubuta sunan waɗanda ba su dawo ba? Waɗanda suka dawo, da yawansu sun ƙare a gadin kantunan Turawa, lambobin yabo na cikin adaka. Wanda ya faɗi yana kare Kano a 1903 an manta shi, wanda ya faɗi yana kare daular Ingila a 1944 shi ma an manta shi. Sunayen da suka saura su ne na barikoki: Chindit a Zariya, inda ake horar da kuratan soja, da Dodan da Myohaung a Ikko, dukkansu tsarabar yaƙin Bama.

Wannan magana ta shafi samarin karkarar arewacin Kano kai tsaye. Ƙasa ce da gona ke manne da gona, ba saura, ba daji. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai an raba shi gado sau biyu, sau uku, har ya zama abin da ke hannun jika bai ciyar da gida wata shida. Saurayi ya gama sakandare, ya yi cin rani ya gaji, ya ɗauko buhu zuwa kasuwar Dawanau, ya zarce cikin gari ta titin Katsina ya ga barikin Bukavu, sai zuciyarsa ta raya masa kaki. Ba wanda zai zarge shi a kan neman halaliyarsa, kuma ba wanda ya ce sojan yau shi ya harbi Waziri Ahmadu. Zargi yana kan masu rubuta manhaja da masu shirya biki, waɗanda suka bar shi yana haddace sunan Lugga da shekarar haɗe ƙasa, bai taɓa jin Kwatarkwashi ba. Yana kuma kan malaman Islamiyya na ƙauyuka da ke da allo da ɗalibai a gabansu kullum, amma ba su ware ko da awa guda a shekara su ba yara labarin Burmi.

A jikin tambarin rundunar akwai rubutun Larabci da ke nuna cewa nasara daga Allah take. A Sakkwato kuma akwai barikin soja mai suna Giginya, sunan filin da mutanen Attahiru suka tsaya a gaban bindigogi masu ruwa ranar 15 ga Maris 1903. Hukumar soja ta fito ta faɗa wa jama'a wanne ɓangare na wannan fili take ɗauka a matsayin kakanninta. In masu tutar Shehu ne, to ƙidaya daga 1863 ba ta da wurin zama.