Da Wuta Ba Ta Ɗauke Ba

Ranar Talata 27 ga watan Yuni na shekarar 2017, ma'aikatan kamfanin Maersk, wanda a lokacin babu kamarshi a duniya wajen jigilar kwantena ta teku, suka ga allunan kwamfutocinsu suna yin baƙi ɗaya bayan ɗaya, tun daga cibiyar kamfanin da ke Kofanhagin ta ƙasar Danmak har zuwa tashoshin jiragen ruwa na nahiyoyi dabam-dabam. Wata cutar kwamfuta ce da aka laƙaba wa suna NotPetya ta shige su. Ta biyo ta cikin wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc da ake aiki da ita a ƙasar Yukren, inda kamfanin yake da ofis, daga nan ta bazu cikin gidan baki ɗaya kamar wutar daji a watan bazara. Amurka da Ingila sun ɗora alhakin harin a kan sojojin Rasha, Rasha kuma ta musanta. Ko ma wane ne ya kunna, manyan motoci sun yi jerin gwano a ƙofofin tashoshi, babu mai iya cewa wace kwantena ce ta wa, ko ina ta nufa. Alhazan Maraɗi da ke jiran kaya ta Kwatano ko Lome sun san ma'anar kwantena ta kwana a tasha ba bisa ƙa'ida ba.

Abin da ya faru bayan haka shi ne ya cancanci magabatan kamfanoni da ma'aikatu su tsaya su duba. Kamar yadda mujallar Wired ta Amurka ta bayyana a 2018, injiniyoyin da aka tara a garin Maidenhead na Ingila sun tarar da kwafin ajiya na kusan dukkan manyan na'urorin kamfanin, sai na abu guda: rajistar da ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci, da kalmar sirrinshi, da ƙofofin da aka yarda ya shiga. Idan babu wannan rajista, sauran kwafin duk ba su da amfani, tamkar gida cike da ɗakuna a kulle, mai gadi ya ɓata da mabuɗai. Kamfanin yana da na'urori wajen 150 masu riƙe da rajistar, kowace tana kwafar ƴar'uwarta dare da rana, saboda haka aka ɗauka ba za su taɓa mutuwa tare ba. Sai ga shi wannan haɗin da aka dogara da shi ne ya kashe su a sa'a guda.

Guda ɗaya tak ta tsira, a wani ofis na Afirka ta Yamma, domin wutar lantarki ta ɗauke kafin harin ya iso, na'urar tana kashe. Mujallar ta ce a Gana ne. Wani babban jami'in tsaron kamfanin daga baya ya ce a Legas ne. Ko Ankara ko Legas, ɗaukewar wuta dai ce, wadda kowa ke tsine wa kullum. A ruwayar mujallar, layin intanet na ofishin ya yi rauni da zai ɗauki bayanan cikin lokaci, kuma babu ma'aikacin wurin da ke da bizar shiga Ingila, sai da wani ya ɗauki faifan ya hau jirgi zuwa Nijeriya, ya miƙa wa wani a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Shugaban majalisar gudanarwar kamfanin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a taron Davos na Janairun 2018 cewa cikin kwana 10 suka sake ɗora manyan na'urori 4,000 da kwamfutoci 45,000, kuma asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Damagaram ba: sama da miliyar 140 na kuɗin sefa ke nan.

Labarin yana da daɗin faɗi, shi ya sa ake yawan tsayawa a nan. To amma akwai wani saƙo nashi da ya fi ɗaci. Mujallar ta ruwaito cewa tun 2016 ma'aikatan fasaha na kamfanin suka yi kashedi game da tsofaffin manhajoji da kuma rashin shinge tsakanin sassan gidan, har aka amince da gyara, aka ware kuɗi. Sai dai aikin bai shiga cikin ma'aunin da ake duba wa manyan jami'ai ba wajen ba su tukuicin ƙarshen shekara, don haka ya kwanta. Ke nan injiniya ya faɗa, an ji, an sa hannu, ba a yi ba. Laifin a saman bene yake, inda ake yanke abin da za a tambayi mutum a kai da abin da za a kau da kai.

Tun daga wancan lokaci sana'ar kutse ta canza kama. NotPetya ɓarna kawai ta zo yi. Masu garkuwa da bayanai na yanzu kuwa ƴan kasuwa ne: su shiga, su yi makonni suna leƙen gida, su nemo kwafin ajiya su fara lalata shi, su kwashe abin da za su yi barazanar tonawa, sannan su kulle sauran su faɗi kuɗin fansa. Haka aka yi wa hukumar lafiya ta ƙasar Ailan a watan Mayun 2021. Wani ma'aikaci ya buɗe wata takardar lissafi da aka liƙa a wasiƙar imel tun cikin Maris, ɓarayin suka yi mako 8 a ciki ba wanda ya kore su, daga bisani asibitoci suka koma alƙalami da takarda, aka ɗage ganin marasa lafiya, aka yi watanni ana gyara. Rahoton binciken da hukumar ta sa aka yi ya nuna babu wani babban jami'i guda da aka ɗora wa alhakin tsaron bayanai a hukumar da ta fi kowace yawan ma'aikata a ƙasar.

Wasu shugabannin sun ɗauka mafita ita ce su miƙa ajiyar ga manyan kamfanonin haya, abin da ake kira gajimare. Sunan ne ke ruɗi. Gajimaren nan gini ne na siminti da ƙarfe, mai cin wuta, mai kama wuta. A daren 9 zuwa 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a birnin Sitirasbur na Faransa, wasu masu haya suka wayi gari suka tarar ainihin bayanansu da kwafin da suke biya wa kuɗi duk a wuri ɗaya suke. A 2023 kotun kasuwanci ta Lille ta umurci kamfanin ya biya wasu daga cikinsu diyya, sai dai diyya ba ta mai da littafin bashin da ya zama toka.

Na Koriya ta Kudu ya fi ban mamaki, domin ƙasa ce da ake buga misali da ita a wannan fanni. Ranar 26 ga Satumban 2025 wani batiri ya kama wuta a cibiyar bayanan gwamnati da ke birnin Daejeon, a daidai lokacin da ma'aikata ke ƙoƙarin kawar da baturan daga kusa da na'urori don gudun gobarar. Ayyukan gwamnati sama da 600 suka tsaya. Mafi muni, rumbun da ake kira G-Drive, inda aka umurci ma'aikatan gwamnati su riƙa zuba takardunsu na aiki, ya ƙone da terabayit 858 na bayanai, ba shi da kwafi a wani wuri. Hujjar da aka bayar ita ce wai ya yi girma da yawa. Shugaban ƙasa Lee Jae-myung ya nemi gafarar jama'a. Alhali kuwa shekara 3 kafin nan, a Oktoban 2022, da gobara ta tsayar da manhajar Kakao, hukumomin ƙasar ne suka yi ta faɗa wa kamfanin a kan rashin wurin ajiya na biyu.

Manomin Adar ko na Gobir ba ya buƙatar a yi mashi lacca a kan wannan. Ya san dalilin da ya sa ake kafa rumbuna can gefen gari, nesa da murhu, ya san rumbun tsimi ba na taɓawa ba ne, ya kuma san iri ba ya kwana wuri ɗaya da hatsin ci. Masanan fasaha sun zagaya sun dawo kan wannan hikima da nasu lissafi: kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, guda 1 a wani gari. Yanzu sun ƙara da cewa lalle ɗaya ya zama a yanke daga kowace waya, ko a rubuce ta yadda ba mai iya gogewa, har zaren kaset da aka yi wa kallon tsohon yayi bai bar kasuwa ba saboda haka. Wato abin da ɗaukewar wuta ta yi wa Maersk bisa tsautsayi, shi ake so a riƙa yi da gangan. Kuma a gidan manomi, maigida ne ke yanke inda za a kafa rumbu da ranar da za a buɗe shi. Ba a bar wa yaro wannan magana.

Dokokin ƙasashen da suka sha wuya sun fara bin wannan hanya. Dokar Tarayyar Turai da ake kira NIS2, ta ƙarshen 2022, ta wajabta wa shugabannin kamfanoni masu muhimmanci su amince da matakan tsaro da kansu, su sa ido, su je a koya masu, kuma ana iya kama su da laifi idan aka yi sakaci. A Amurka, tun 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ba kamfanoni kwana 4 na aiki su sanar da duk wani kutse da suka tabbatar mai nauyi ne. Manufar ita ce a hana babban darakta fakewa da cewa shi bai san kan na'ura ba. Ai bai san kan injin mota ba ma, amma ya san ya tambayi direba ko akwai tayar safaya kafin a kama hanyar Agadas.

Wani zai ce wannan duk matsalar masu ƙoshi ce, wa zai damu da bankin Yamai? An riga an damu. A Nuwamban 2022 kamfanin Group-IB tare da sashen tsaro na Orange suka fitar da rahoto a kan wani gungu masu jin Faransanci da suka sa wa suna OPERA1ER, wanda tsakanin 2018 da 2022 ya kai hari sama da 30 a kan bankuna da kamfanonin sadarwa, ya sace aƙalla dala miliyan 11, sama da miliyar 6 na sefa. Nijar na cikin jerin ƙasashen da aka ambata, tare da Mali, Burkina Faso, Benin, Kodebuwa, Senegal da wasu. Ba wani makami na musamman suka yi aiki da shi ba. Wasiƙa ce da Faransanci mai kama da ta ofishin haraji ko ta neman aiki, wani ya buɗe. Sai su zauna wata 3 har zuwa shekara suna karantar yadda ake tura kuɗi a gidan, sannan su kwashe ta na'urorin cirar kuɗi a ranakun hutu. Wasu gidajen sau biyu aka shige su. A 2023 Interpol ta sanar da kama wanda ake zargin jigo ne a gungun, a Kodebuwa. Ɓarawon da ya shekara a cikin gida ba a gan shi ba, shaida ne a kan masu gidan.

Ta fuskar takarda, Nijar ba ta zauna haka nan ba. Dokar 2017 ta kafa hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, sannan ga dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta Yulin 2019. Sai dai abin takaici, wannan ta biyun an fi jin sunanta a shari'ar ƴan jarida da masu rubutu a Facebook: a 2022 aka cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi, a Yunin 2024 aka mai da shi. Ƙarfin da ake kashewa wajen farautar mai baƙar magana, da za a kashe rabinshi wajen tambayar bankuna, da kamfanonin waya, da duwan, da baitulmali inda kwafin bayanansu yake kwana, da jama'a sun fi amfana. Jerin albashin ma'aikata, da rajistar masu fansho, da takardun filaye, da kuɗin da talaka ke ajiyewa a wayarshi, duk sun koma ko suna komawa cikin na'ura. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya ɓace, tsohon malamin makaranta ne zai yi ta zarya yana neman shaidar shekara 30 da ya yi yana aiki.

Ana yawan maganar diyaucin ƙasa a kan bayanai, cewa a ajiye na gida a gida. Maganar tana da tushe. A Janairun 2018 jaridar Le Monde ta ruwaito cewa an yi shekaru ana kwasar bayanan cibiyar Tarayyar Afirka da ke Adis Ababa cikin dare zuwa Shanghai, zargin da Sin ta ƙaryata. Amma tara komai a gini guda a babban birni, a yanka ƙyalle, a yi jawabi, shi ne ainihin abin da Koriya ta yi. Kuma ƙasar da a Agustan 2023 ta ga Nijeriya ta yanke mata wutar da ke ba ta kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, bayan takunkumin CEDEAO, ta san ginin da ke rayuwa da sanyi da kuran ba abin jingina ba ne shi kaɗai. Tsakanin Yamai da Damagaram akwai kusan kilomita 900. Gobara ɗaya ko ambaliya ɗaya ba ta haɗa su.

Wurin ajiya na biyu kuɗi ne, kuma irin kuɗin da ba a ganin amfaninshi a shekarar da aka kashe shi, shi ya sa shi ake fara yankewa idan kasafi ya matse, a bar motar darakta. Amma gwaji ba ya cin komai sai ranar Asabar guda. Shugaban gida ya zo da kanshi, ya sa a ɗauka cewa babbar na'ura ta mutu, ya ce a tayar da aikin daga kwafin ajiya, ya zauna da agogo a hannu. A nan ne ake gano faifan da ya shekara ba ya kwafar komai, da kalmar sirrin da ta tafi da ma'aikacin da aka sallama bara, da kwafin da ke cikin kabad ɗin da ke jingine da na'urar kanta. Duk ɗan majalisar gudanarwa na banki ko na kamfanin gwamnati yana da ikon neman a rubuta sakamakon wannan gwaji, da sa'o'in da ya ɗauka, a cikin takardar zaman majalisa na gaba.