Wa Ya Ce Kwafi Jabu Ne?

A shekarar 2006, gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya kai ragowar mutum-mutumin filasta da ke hannunsa gwanjo a Sotheby's, bayan sun yi shekaru jibge a ma'ajiya suna shan ƙura. A Faris kuwa ɗaliban makarantar zane ta Beaux-Arts sun farfasa wasu a boren 1968, waɗanda suka tsira aka kwashe su zuwa tsohuwar bargar dawakin sarki a Versailles. Laifinsu ɗaya ne: wai kwafi ne. An zuba su da irin filastar da ake ɗaure karaya da ita, daga jikin sassaƙen Rumawa, alhali gidan tarihi mai ji da kansa ba ya ajiye komai sai na asali.

To, a nuna mana asalin mana.

Ɗauki Mai Jifa da Faifai, wanda Myron, Bagirke, ya ƙera da tagulla wajen shekara 450 kafin Miladiyya. Babu wanda ke raye da ya taɓa ganinsa. Yawancin tagullar Girkawa narkar da ita aka yi. Abin da masu yawon buɗe ido ke yin layi su kalla a Rum da Landan, dutsen mabul ne da masassaƙan Rumawa suka kwaikwaya ƙarnuka bayan Myron ya mutu. Da me suka kwaikwaya? A 1954 an tono gutsattsarin filasta sama da 400 a Baiae, kusa da Naples, kuma bincike ya nuna daga jikin shahararrun tagullar Girkawa aka zuba su. Wato masassaƙi yakan ajiye filasta a gabansa, ya auna, ya sara dutse. Ashe mabul ɗin da ake yi wa kirari da asali, shi kansa ɗan filasta ne. An kori uwa daga gida saboda ɗa ya yi arziki.

Batun kawunan sarakuna ya fi ban dariya. Hotunan sarki Augustus da aka sassaƙa, waɗanda suka kai zamaninmu, sun haura 200. A Rum ake tsayar da siffa guda, a rarraba ta, masassaƙan larduna su yi ta maimaitawa har da yadda gashi ya kwanta a goshi. Mutumin Masar ko na Sifaniya da ya tsaya gaban kan sarki a kasuwa bai taɓa tambayar wanne ne na farko ba. Don a yawaita su aka yi su.

Ni rubuta manhajar kwamfuta ce sana'ata. A wurinmu, ma'aikacin da ya goge kwafin ajiya yana cewa ai kwafi ne kawai, ranar zai tattara nasa ya nasa. Kwafi yana riƙe da abu yadda yake a ranar da aka ɗauke shi, shi kuwa na asali yana ci gaba da lalacewa. Ginshiƙin Trajan, wanda aka kammala a shekara ta 113, yana tsaye a Rum, ruwan sama da hayaƙin motoci suna cin fuskokin sojojin da ke jikinsa. Kwafinsa na filasta da ke gidan tarihin Victoria and Albert a Landan, a zauren da aka buɗe a 1873 (sai da aka raba shi biyu kafin ya shiga ƙarƙashin rufi), ya adana layukan da dutsen ya riga ya rasa. Haka ma'aikatar zubin filasta ta Berlin, da aka kafa a 1819, tana riƙe da mazubin ayyukan da Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye.

Na ji ana cewa filasta matacciya ce, ba ta da sheƙin dutse, kuma farinta fat ya koya wa Turawa ƙaryar cewa sassaƙen Rumawa farare ne, alhali fenti ake yi musu. Gaskiya ne. Amma mabul ɗin ma a wanke yake zaune a gidajen tarihi, ba wanda ya kai shi gwanjo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne inda aka kwana. Kawunan da ɗalibai suka yi ƙarni suna koyon zane a gabansu, yau dillalan kayan da ne ke sayar da su ga masu ƙawata falo. Rawayar da ƙura ta bar musu da layin da mazubi ya bari a kumatu, su ne ake sa wa kuɗi, har akwai masu shafa wa sabon zubi ruwan shayi don ya yi kama da tsoho. Yanzu kuma ana neman kwafi na asali ke nan, mai saye kuwa bai damu ya san Caracalla ne ko Hadrian ya ɗora kusa da talabijin ba.