Kafin ku tura wa yaronku kuɗin babur a Filifin



A 'yan shekarun nan Filifin ta shiga sahun ƙasashen da mutanenmu ke tura 'ya'yansu karatu, musamman likitanci, aikin jinya da haɗa magunguna. Dalili a fili yake. Da Turanci ake koyarwa, kuɗin makaranta bai kai na Ingila ko Amurka ba, kuma babu dogon yajin aiki irin namu. Yau akwai 'yan Najeriya a Manila, Cebu, Davao da Dagupan, wasu ɗalibai, wasu sun gama sun yi aure sun zauna. Idan yaro zai tafi, iyaye kan tambayi kuɗin haya, abincin halal da nisan masallaci. Da wuya ka ji an tambayi yadda titi yake, alhali a can ne ran yaron ya fi shiga haɗari.

Ra'ayina a gajarce shi ne, kada uba ya tura wa ɗansa kuɗin sayen babur a shekararsa ta farko a ƙasar, komai magiyar da zai yi. Kuma kafin ya hau jirgi a zaunar da shi a faɗa masa cewa ɗaga murya a bakin titi a Filifin na iya jawo masa abin da ya fi karon da ya yi muni.

Mu fara da abin da ke sa yaran roƙon babur, domin ƙorafinsu gaskiya ne. Manila da kewayenta na ɗauke da mutum sama da miliyan 13 bisa ƙidayar 2020. Babban titin da ya ratsa ta, EDSA, bai cika kilomita 24 ba, amma a lokacin tashi daga aiki mutum kan shafe awa biyu a kansa. Hukumar JICA ta Japan ta ƙiyasta a 2017 cewa cunkoson birnin na jawo asarar peso biliyan 3.5 a kowace rana. Motar talaka ita ce jifni, wadda ta samo asali daga motocin sojan Amurka da aka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ana zama a dogon benci gwiwa na gugar gwiwa, ka miƙa kuɗinka hannu zuwa hannu har ya isa ga direba, idan za ka sauka ka ce "para po". Direban zai tsaya maka a duk inda ka faɗa, ko da tsakiyar titi ne, haka kuma zai tsaya wa kowa. Mai mota ma bai tsira ba, domin akwai dokar lamba: motar da lambarta ta ƙare da 1 ko 2 ba ta hawa manyan tituna a lokutan cunkoso ranar Litinin, 3 da 4 ranar Talata, haka har Juma'a. Wannan doka ba ta shafi babura ba. Ɗalibin da ke da aji ƙarfe bakwai na safe zai duba duk wannan ya ga babu mafita sai babur.

Sai dai hukumar ƙididdiga ta ƙasar na nuna cewa fiye da mutum 10,000 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma a Manila masu babur da masu tafiya a ƙasa ne kan gaba. Su kansu 'yan ƙasar suna da sunan da suke kiran mai tuƙin ganganci, "kamote", wato dankali, mai kai amma babu lissafi. Yaronmu zai ce ai shi ma ya iya babur, ya tuƙa a Agege ko Sabon Ibadan, kuma hannun dama ake bi a can kamar nan. Iya tuƙi daban, sanin hanya daban. Bai san cewa jifnin da ke gabansa zai taka birki ba tare da sigina ba. Bai san cewa a hanyoyin ƙauye manoma na shanya shinkafa a gefen kwalta ba, ko karnuka na kwana a tsakiyar hanya, ko babur mai akwatin fasinja a gefe na tafe da dare babu fitilar baya. Daga Yuni zuwa Nuwamba damina ce, kuma guguwa kusan 20 ke shiga yankin ƙasar a shekara. Cikin awa guda titi kan koma kogi, rami ya ɓuya a ƙarƙashin ruwa, ruwan kuma na ɗauke da cutar fitsarin ɓera da ke shiga ta ƙaramin ciwo a ƙafa. Baƙo ko da ido makaho ne, sai ya ga damina ɗaya da rani ɗaya kafin ya fara gani.

Sannan ga doka. Lasisin tuƙin Najeriya kwana 90 kawai yake aiki daga ranar da mutum ya shiga ƙasar, bayan nan dole ya je ofishin LTO ya karɓi nasu. Hular kwano wajibi ce ga direba da fasinja, kuma sai mai tambarin hukumar inganci. Tarar farko peso 1,500 ce, tana hawa har 10,000. Riƙe waya a kan tuƙi peso 5,000 ne tun karon farko. Hawa babur da silifas ma laifi ne. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Babbar matsala ita ce abin da ke biyo bayan karo. Idan wani ya ji mummunan rauni ko ya mutu, 'yan sanda kan tsare direban da ya tsira har a yi bincike, ko da yana ganin shi ke da gaskiya. Yawancin irin waɗannan rigingimu da sulhu suke ƙarewa, abin da suke kira "areglo", inda ake biyan kuɗin asibiti da gyara. Baƙo kuwa ana masa kallon mai kuɗi, ko da garin kwaki yake sha a ɗakinsa. Wanda kuma lasisinsa ya wuce kwana 90 ba shi da bakin magana tun farko. Shari'a a kotu na iya hana mutum fita ƙasar, ta kuma shafi sabunta bizarsa. Karatun da aka sayar da gona aka biya zai iya tsayawa saboda karo ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga maganar murya. Mu da muke zaune a Kudu mun saba, idan an goge maka mota a Legas sai ka fito ka yi hayaniya, wanda ya fi ƙarfin murya shi ke da gaskiya, bayan minti goma kowa ya kama gabansa. A Filifin abin ba haka yake ba. Suna da abin da suke kira "hiya", kusan kunya da mutunci a wurinmu. Mutumin da ka daka wa tsawa a gaban jama'a zai iya yin shiru, har da murmushi, amma ka ci masa mutuncin da ba zai manta ba, kuma duk waɗanda ke wurin sun koma bayansa. Bindiga kuma tana hannun mutane da yawa. A Agustan 2023 bidiyon wani tsohon ɗan sanda ya karaɗe ƙasar, inda ya mari mai keke ya zaro masa bindiga a birnin Quezon saboda saɓanin hanya. Wannan tsakanin 'yan ƙasa ke nan. Shi kuwa baƙo, zagi a bainar jama'a laifi ne a dokarsu, kuma hukumar shige da fice na da ikon korar wanda ta ga ba ya mutunta mutanenta, ta hana shi dawowa. Kowa na da waya, bidiyon minti ɗaya ya isa.

Fushin da ke fashewa a titi galibi ba a titi aka tara shi ba. Yaro ya yini a layin ofishin shige da fice don katin zama, aka ce ya dawo gobe da wani kwafi. Ya tambayi hanya aka nuna masa inda ba nan ba, saboda mutumin na jin nauyin cewa bai sani ba. An yi alƙawarin ƙarfe biyu, mai gyara ya zo ƙarfe huɗu yana dariya. Maƙwabta sun kwana suna waƙa da lasifika, da asuba zakarun dambe suka karɓa. Ya zaga gidajen abinci uku duk da naman alade, sai ya je Quiapo kusa da Masallacin Zinare kafin hankalinsa ya kwanta. Yara sun bi shi da kallo suna kiran launin fatarsa, direban tasi ya ƙi kunna mita. Wanda ya tara wannan duka a ƙirji ya hau babur, ƙaramin abu zai tunzura shi.

Na san wani zai ce, to sai yaro ya zama abin takawa? A cuce shi ya yi shiru, ya kuma ɓata awa uku kullum a mota? A'a. Haƙuri ba ya nufin barin haƙƙi. Kowace unguwa a Filifin na da ofishin barangay, kamar mai unguwa ne amma da ikon hukuma, kuma a nan ake fara sasanta rigimar maƙwabta, haya da ƙananan basussuka. Makarantu na da ofishin ɗalibai baƙi, Najeriya na da ofishin jakadanci a Makati. Wanda ya je waɗannan wurare da hotuna da takardu cikin sanyin murya ya fi samun biyan buƙata a kan wanda ya tsaya ihu. Maganar lokaci kuwa, maganinta gida kusa da makaranta. Kuɗin da za a sayi babur, a ƙara a haya yaro ya riƙa takawa zuwa aji. Idan tafiya ta kama akwai jirgin ƙasa a Manila, akwai Grab, akwai baburan haya na manhaja irin su Angkas masu ba fasinja hular kwano.

Mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Iyayenmu sun zauna a Sabo da Ama Hausa shekara da shekaru saboda sun san matsayin baƙo, sun koyi gaisuwar masu gari, sun san wurin wa ake kai ƙara. Mun kuma sha ganin yadda ɗan acaɓa ɗaya ke buge mutum, kafin magariba kasuwa ta kama da wuta, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su kwashi asara. A can ma haka ne, abin da ɗan Najeriya ɗaya ya yi shi ake shafa wa sauran idan sun je neman haya ko biza.

Saboda haka, iyaye, ku tambayi yaranku kai tsaye: kana tuƙi? Da wane lasisi? Akwai inshora? Ku sa su ajiye 911, lambar gaggawa ta ƙasar, da lambar wani babba da zai iya zuwa ofishin 'yan sanda ko asibiti cikin dare. Su sani cewa dokar ƙasar ta hana asibiti neman kuɗin ajiya kafin ya duba mai buƙatar gaggawa. Ku kuma ɗalibai, ku koyi kiran direba "kuya", wato yaya, ku riƙa ƙara "po" a magana don girmamawa, ku riƙe "pasensya na po", wato a yi haƙuri. Idan an yi karo, a ɗauki hoto, a jira jami'i, kada a sa hannu a takardar da ba a gane ba. Bayan shekara guda, idan yaro ya san gari, ya karɓi lasisi da inshora da hula mai kyau, sai a sake zama a duba maganar babur.

Filifin na gaban Najeriya da awa bakwai, dare a can yamma ce a nan. Babu uban da ke son wayar da za ta same shi yana shirin sallar magariba a ce ɗansa na kwance a asibitin da ba zai iya isa ba sai bayan kwanaki. Ku tura wannan ga duk wanda ke da ɗa a can.

Allah Ya tsare mana su, Ya dawo da su lafiya da abin da suka je nema.