Matuƙin Jirgin Sama Da Haƙurin Matafiya

Babu filin jirgin sama a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa. Duk wanda zai hau jirgi daga waɗannan ƙasashe sai ya yi sammako ya nufi Katsina, ko Kano, ko Kaduna. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in ransa ya ɓaci sa'ad da ya isa da gajiyar hanya, aka ce jirgi ba zai tashi ba sai hazo ya washe. Akan ji mutane suna cewa, tafiyar da ba ta wuce sa'a guda ba, me ake tsoro? Mu kuwa a ganinmu wannan jinkiri shi ne abin yabo mafi girma cikin aikin matuƙi, kuma ya kamata jama'a su san dalili.

Matuƙin da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja da Sakkwato ba a daɗi yake ba. Sau da yawa tun kafin asuba yake fita. Sai ya karanta labarin iska da hadari, ya lissafa man da zai kai shi, da wanda zai ishe shi zuwa wani fili dabam in sauka ta gagara. Sa'an nan shi ko mataimakinsa ya kewaya jirgin da ƙafa, yana duban tayu da fukafukai da injuna. Da sun sauke mutane sai su sake wannan aiki tun daga farko, wata rana har sau huɗu ko fiye. Masana sun tabbatar cewa yawancin haɗarin jirgi wajen tashi da sauka yake aukuwa. Ashe ke nan mai gajeriyar tafiya ya fi mai zuwa Jidda yawan karo da wurin wuya, ga gajiya tana taruwa. Ban da wannan, likita na auna lafiyarsa a kai a kai, ana kuma sake jarraba gwanintarsa muddin yana aiki.

Ƙasarmu tana da nata matsaloli. Da hunturu ƙura kan rufe fili har matuƙi ya kasa hangen inda zai sauka. Da damina kuwa guguwar da ke gaban hadari kan juya farat ɗaya. Ba mu manta da ranar 29 ga Oktoba, 2006 ba, da jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, ya faɗi nan take. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya jiƙansu. Masu bincike sun sami cewa tashi cikin mugunyar iska yana cikin abin da ya jawo wannan rashi. Lalle gaggawa aikin Shaiɗan ce.

To, muna jawo hankalin manyan ma'aikata da akawuna, musamman masu gudun makara a taro, su daina matsa wa ma'aikatan fili da faɗa. Wajibin kamfanoni kuwa shi ne su faɗa wa matafiya gaskiya da wuri, kada kuma su hukunta matuƙin da ya ƙi tashi don tsare rayuka.

Malaman makaranta su ma da nasu rabo. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, kuma daga Ƙanƙara ta Funtuwa ba wata tafiya ba ce. Ku ƙarfafa wa yara Lissafi da Turanci da Kimiyya, amma ku haɗa musu da natsuwa da tsare lokaci. Yaron da ya iya tsayawa kan gaskiya ko manya na fushi, shi ya cancanci a danƙa masa rayukan jama'a. Allah ya kiyaye hanya, amin.